Shekarun da Addar Kawu Ta Yi Azumi

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai shayi ne a bakin iyaka, gaba da Jibiya kaɗan, inda motocin Maraɗi suke yin layi suna jiran 'yan kwastan su waiwaye su. Teburinsa yana ƙarƙashin rumfar kwano ne, domin itacen da ya tarar a wurin bai yi sati ba ya sare shi, wai yana zubar masa da ganye cikin madara. A duniya ban taɓa ganin mutumin da ya tsani tsiro kamar Kawu ba. Yana cikin zuba wa direba shayi, in ya hango wata 'yar ciyawa ta leƙo daga gindin benci, sai ya ajiye buta ya je ya tsige ta, direba kuwa ya yi ta jira da kofi a hannu. Kewayen rumfarsa tas yake kamar ƙoƙon kansa, wanda wanzami yake bi duk Juma'a ko da gashi ko babu.

Yana da wata adda da maƙeri ya ƙera masa daga ƙarfen tsohuwar mota. Ba ya ba da aronta, kuma ya fi wasa ta a kan yadda yake wanke kofunansa.

Ni a lokacin acaɓa nake yi tsakanin gari da bakin iyaka, don haka ni nake ɗaukarsa duk safiyar Juma'a zuwa maƙabarta, ya ziyarci kakata, wadda yake kira Inna. Mu a wajenmu sharar maƙabarta babban aikin lada ne. Kafin ruwa ya sauka ake yin gayya, kowa da addarsa da fartanyarsa, a sassabe komai, a tara, a cinna wuta, a bar wurin kamar tsakar gidan amarya. Mutanenmu sun ɗauka cewa kabarin da ciyawa ta rufe, mai shi bai bar kowa a baya ba. Kaka kuwa biyu ta haifa, Kawu da mahaifiyata, mata kuma ba sa shiga maƙabarta, saboda haka nauyin duka a kansa yake. Abin da yake tsoro a rayuwarsa guda ɗaya ne, kada wani baƙo ya wuce ya dubi kabarin ya ce wannan baiwar Allah ba ta haihu ba.

Kabarin Kaka ya fi na kowa tsabta. Abu ɗaya ne ya hana Kawu sakat, wani kututturen kalgo da ke wajen ƙafafunta. Ya sare shi ya fi a ƙirga, amma da ya ji ƙanshin ruwa sai ya sake toho. In mun je, kafin Kawu ya yi wa Inna sallama sai ya fara zagin kalgon.

Ta arewacin maƙabartar akwai kwazazzabo. Ina yaro tsallake shi muke yi, amma a shekarun da nake ba da labari tirela za ta iya shiga ciki ta ɓace. Duk ruwan unguwa ta nan yake bi ya faɗa gulbi, gulbi kuma ya yi arewa ya shiga Nijar. Wata damina aka wayi gari gaɓar ta zabtare, ta tafi da tsofaffin kaburbura biyu da ba a ma san masu su ba. Da labarin ya iso teburin shayi, wani direban Maraɗi ya ce, "To, dattawan sun ƙetare ke nan. Ba katin shaida, ba komi, kuma ba kwastan naku ba duwan namu na Nijar da yat tsai da su." Aka kwashe da dariya. Sai dariyar ta mutu da kanta, domin kowa ya tuna inda nasa yake kwance. Kaka a da tana sahu na biyu daga bakin kwazazzabon, ranar nan ta koma sahun gaba.

Abin haushin shi ne, ɗaya gaɓar ko gezau ba ta yi ba. Can ne mutanen coci suke binne nasu, waɗanda iyayensu Maguzawa ne daga wajen Daddara. Wurinsu duhu ne na tsamiya da kalgo da sabara, gamba ta kai ƙirji. Dattijon cocin sa'an Kawu ne, tare suka yi kiwo suna yara, kullum yana zuwa shan shayi su yi ta tsiya. Kawu yakan ce masa, "Ku dai raggaye ne. Kun bar iyayenku cikin daji kamar zomaye." Shi kuma ya ce, "Kakanninmu tsoron wurin suke, ba mai shiga da gatari, wai akwai masu wurin. Da munka shiga coci munka bar tsoron, anka zauna za a sare, sai tsohinmu sunka ce inuwar ba ta yi ma kowa laihi ba. Munka bar ta. Naku kuwa kun aske su, ga shi nan sun fara tahiya Maraɗi."

Limaminmu ba tsoho ba ne, kuma yana yawan ƙetarawa ɗaurin aure da suna a ƙauyukan tsallaken iyaka, inda ya ga manoma suna barin toho a gonakinsu su yi ta gyara shi har ya zama itace. Wata ranar Laraba aka gan shi ya tattare riga ya sauka cikin kwazazzabon tare da dattijon coci. Na bi su don gulma. Daga ƙasa in ka ɗaga kai, gaɓarmu sumul take kamar an yanki tuwo da mara, tasu kuwa saiwoyi sun saƙe ta kamar faifai. Liman ya daɗe yana kallo yana salati.

Ranar Juma'a bayan an sallame, ya miƙe ya ce daga yau ƙarfe ba zai sake shiga maƙabarta ba sai na haƙa kabari. Ba sassabe, ba ƙona, ba kiwo. Masallaci ya ɗauki guna-guni. Wani mahauci ya ɗaga hannu ya ce, "Allah shi gafarta malam, to ladan fa? Mun saba samu duk shekara."

"Ladan na nan," in ji Liman. "Wanda yak kame bakinshi da azumi ai ba aikin da yay yi, amma an ba shi lada. Addunanku za su yi azumi."

Kawu ya miƙe tsaye, shi kuwa dogo ne, sai da ya sunkuya don kada fanka ta ɗauke masa hula. Ya ce, "Malam, azumi ma wata guda ne, ana ganin wata a sha ruwa. Wanga sai yaushe?"

Liman ya dube shi tun daga ƙasa har sama, ya ce, "Sai itatuwan sun hi ka tsawo."

Daga ranar Kawu ya zama ma'aunin gari. Yana tafiya a kasuwa mutane suna ƙiyasta shi da ido, wasu suna jin haushin iyayensa da suka yi shi haka, ga guntaye birjik a gari da Liman zai iya zaɓa.

Aka ɗora wa ladani tsaron ƙofar maƙabarta, kuma nan ne Liman ya nuna ya san garin da yake limanci. Mu mutanen bakin iyaka ne. In ka ce mana kada abu ya shiga wuri kaza, ba ma jin an hana, sai mu ji an tambaye mu ta ina zai shiga. Ladanin kuwa ya yi dako a bakin iyaka tun yana saurayi, babu inda ake ɓoye kaya da bai sani ba, domin da kansa ya ɓoye. Ya samo igiya ya ƙulla mata tsummoki ya gitta a ƙofa, ya ajiye kujera da 'yar rumfa, ya koyi zaman nan na ma'aikata, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kowa ya zo ziyara sai ya ji, "Tsaya nan. Mi kaɗ ɗauko?"

Juma'ar farko Kawu ya zo da tabarma a naɗe, wai zai zauna ya yi wa Inna addu'a mai tsawo. Ladani ya karɓa ya girgiza, adda ta faɗo ta kusa raba shi da babban yatsa. Aka kai ta ɗakin ajiya na masallaci aka rataye kusa da makara. Kawu ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwar kowa, shayinsa ma ya yi ɗaci.

Juma'a ta gaba ya hau bayan babur ɗina riƙe da dogon burodin nan na Maraɗi mai kama da sanda. Na ce, "Kawu, ina za ka da burodi?" Ya ce in tuƙa in yi shiru. A ƙofa ladani ya dubi burodin, ya dubi Kawu.

"Wa za ka kai ma wanga?"

"Sadaka ce."

"Cikin maƙabarta? Wa ke cin burodi a ciki?"

Ya karɓa ya lanƙwasa, burodi ya ƙi lanƙwasuwa. Da ya ɓare sai ga wuƙar yankan albasa a kwance a ciki. Ladani ya riƙe wuƙar, ya kuma riƙe burodin, ya ce shi ma kayan laifi ne. Muna fitowa muka tarar ya gama da kayan laifin.

Sai Kawu ya koma ga awaki. Hujjarsa ita ce akuya ba ta zuwa Juma'a, don haka ba ta ji sanarwa ba. Ya ari awakin maƙwabcinsa ya kewaya da su ta baya, ya ɗaga musu ƙayar shinge. To akuya ba ta san Inna ba. Suka leƙa ɓangarenmu suka ga ɗan abin da ya fara tsirowa, suka hangi duhun tsallake, suka gangara kwazazzabo suka haye wurin mutanen coci. Matan cocin da ke shanyar kuɓewa suka biyo su da muciya har teburin shayi. Ranar Kawu ya ba da haƙuri, ya kuma ba da shayi da madara ga mata bakwai da ba su saba biya ba.

Daga nan ya je wa Liman da tambaya ta ilimi. Ya ce an hana ƙarfe, to hannu fa, ƙarfe ne? Liman ya gaji, ya ce hannu ba ƙarfe ba ne, amma ya ji tsoron Allah. Kawu ya ɗauki rabin farko na amsar ya bar wa Liman rabin ƙarshe. Duk Juma'a sai ya durƙusa ya tsige kabarin Inna da yatsu, ya tsige kewayensa, ya tsige wata 'yar hanya daga ƙofa har wurin, don kada raɓa ta jiƙa masa wando. Kalgon ne kaɗai ya gagari yatsu. Da ya ga adda ba ta zuwa, sai ya fito da rassa ya yi ta nishaɗinsa.

Saboda kalgon nan Kawu ya fara zuwa da butar shayi. Zuwa da ruwa ba laifi ba ne, mutane suna yayyafa wa kaburbura. Amma ladani ya ga bakin butar yana hayaƙi.

"Ruwan yayyahi ne ka tururi haka?"

Kawu ya ce, "Inna ba ta son ruwan sanyi."

Gaskiya ce kuwa. Duk unguwa an san Kaka da ciwon sanyi, ko da bazara da ruwan ɗumi take alwala. Ladani ya sauke igiya. Kawu ya shiga ya juye tafasasshen ruwan a gindin kalgo, ina tsaye ina jin kunya kamar ni na dafa. Ganyen ya yi yaushi, ya yi baƙi, ya zube. Bayan 'yan makonni ya fito da sabo, ya fi na da kyau. Kawu ya ce wannan ba itace ba ne, ɗan banza ne.

Ana haka wurin yana canzawa. Ashe duk kututturan da muke sara shekara da shekaru ba su mutu ba, jira suke a ƙyale su. Sabara ta tashi, geza ta tashi, aduwa da magarya suka fito inda ba wanda ya shuka. Mutanen coci suka tono mana saiwar gamba daga nasu, muka dasa a bakin gaɓa. Aka kuma shiga jera duwatsu a cikin kwazazzabon don a rage wa ruwa gudu, mu mu yi bayan Juma'a, su su ɗora bayan sun fito ranar Lahadi, kowane ɓangare yana cewa na wancan layin ne ya karkace. Ƙasa ta fara taruwa a bayan duwatsun. Tsuntsayen da na manta da kukansu suka dawo, har da zuma a kogon kututturen wata aduwa, wadda ladani ya ce tana ƙarƙashin ofishinsa.

Shi kuwa Kawu ya ƙagara a sha ruwa. In ya ga Liman ya shigo jana'iza, sai ya cire hula da takalmi, ya je kusa da wata sabara ya ɗan lanƙwashe gwiwa cikin babbar riga, ya ce, "Malam, duba, ta hi ni." Liman ya ce, "Miƙe." Ya miƙe, sabara ta dawo iya kafaɗarsa. Har wani dattijo ya ba shi shawara ya riƙa ɗaukar buhu a ka, ko Allah zai sa ya ragu.

A tsakiyar wannan kore duka, kabarin Kaka ne kaɗai fari fat, da 'yar hanyarsa fara. Kawu yana alfahari da shi. Yakan ce ko daga jirgin sama aka duba za a san wannan ta haihu.

Sai wata marka ta zo da ruwan da ya wuni ya kwana. Da sassafe na ji ana buga mini ƙofa, na buɗe na ga Kawu ba hula. Tunda nake ban taɓa ganinsa a waje ba hula ba sai gaban sabara. Ban tsaya tambaya ba, na tayar da babur. A ƙofar maƙabarta ladani ya gan mu, ya sauke igiya tun kafin mu iso, ya biyo mu a baya.

Ko'ina gaɓar ta riƙe. Gamba ta kwanta ta tashi, duwatsu suna nan. Amma ruwa ya sami hanya guda ɗaya mai sumul, wadda aka share masa da yatsu tun daga ƙofa. Ya bi ta, ya haƙe ta har gwiwa, ya zo ya kewaye kabarin Kaka, ya zabtare ƙasar da ke tsakaninta da kwazazzabon. Daga nesa na ɗauka ta tafi. Da muka matso sai muka ga kabarin yana nan, a bakin rami, ko taku ɗaya babu tsakani. Ta wajen ƙafafu ƙasar ta tsaya cak. Na leƙa ƙasa na ga dalili. Saiwoyin kalgon nan, masu kaurin hannu, sun shiga ƙarƙashi sun bazu, sun rungume ƙasar kabarin gaba ɗaya, ruwa ya wanke su har suna ƙyalli amma ba su saki ba.

Kawu ya durƙusa cikin taɓo. Ya daɗe yana kallon saiwoyin, ya kai hannu ya taɓa wurin da tafasasshen ruwa ya bar tabo a gindin. Ban taɓa jin muryarsa ƙarama haka ba. Ya ce, "Ni da ta haifa ina ta yaye mata mayahi. Wanga da nis sare, niƙ ƙona, shi yar riƙe ta." Ya yi kuka sosai, kukan babban mutum mai wuyar kallo. Ni ma na yi, domin Kaka ce take kirana mijinta tana ɓoye mini ƙanzo. Ladani ya juya baya yana gyara wata gamba da ba abin da ya same ta.

Kafin azahar gari ya taru, na masallaci da na coci, aka cike ramin da duwatsu da ƙasa, aka dasa gamba a kan hanyar Kawu tun daga ƙofa. Dattijon coci ya zo da kwandon saiwa a ka. Na jira ya yi tsiyar da ya saba, ga dama ta samu, amma sai ya ajiye kwandon a gaban Kawu ya ce, "Karɓi, ka dasa da hannunka." Da suka koma teburin shayi ne ya rama, ya yi wata guda yana ramawa.

Itatuwa sun fi Kawu tsawo daga baya, ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ba. Liman ya sa aka fito da addar daga ɗakin ajiya, ta yi tsatsa, aka miƙa masa a gaban jama'a, aka nuna yadda za a riƙa gyaran itatuwan irin na manoman tsallaken iyaka, a rage ƙananan rassa a bar masu ƙarfi su miƙe. Kawu ya karɓa ya kai ta rumfa, yanzu da ita yake fasa gawayi. Da ladani ya tsufa, Kawu ne ya gaje shi a igiyar ƙofa duk Juma'a, kuma an yi ittifaƙi ba a taɓa yin mugun ma'aikaci irinsa ba a duk faɗin iyakar nan. Ya taɓa ƙwace abin yankan farce daga aljihun Liman. Burodi kuwa ko a hannun yaro ya gan shi sai ya lanƙwasa.

Har yanzu yana zuwa da buta, amma sai ya tsoma yatsa ya tabbatar ruwan ya huce. In ya isa yakan yi wa Inna sallama, sannan ya juya ya gaida kalgon, ya tambaye shi ya tsaro. Bara wani baƙo da ya zo rakiyar gawa ya tsaya a inuwar kalgon yana fifita da hula, ya dubi kabarin da ciyawa ta lulluɓe, ya tambayi Kawu ko mai wannan ta bar baya.

Kawu ya ce, "Ta bari. Mu uku ne."